Kuka a Matsayin Hujja Wajen Rarrabe Jinsunan Cisticola

Tun da Johann Jakob Kaup ya raɗa wa rukunin Cisticola suna a 1829, masana tsuntsaye ke fama da tantance jinsunan da ke cikinsa. Jinsunan sun kai kusan 50, galibinsu mazauna ciyayin Afirka, ƙananan tsuntsaye masu cin ƙwari, masu launin ƙasa-ƙasa da ke saje da busasshiyar ciyawa. Tsuntsu guda ma yakan sauya kama: da damina, lokacin saƙar sheƙa, jelarsa gajera ce, da rani kuwa ta ƙara tsawo, gashin baya ya sake zane. Don haka wanda ya dogara ga busasshiyar fatar da aka adana a akwati yana iya raba jinsi ɗaya gida biyu, ko ya cure biyu wuri guda. Hubert Lynes, wanda ya wallafa babban nazarinsa kan rukunin a mujallar Ibis a 1930, ya gane haka, shi ya sa ya bi su har daji yana sauraron kukansu.

A ganina, kuka ya fi gashi cancantar zama hujjar farko. A 1991 Claude Chappuis da Christian Érard suka bayyana wani jinsi daga arewacin Nijeriya da Kamaru da Chadi, suka kira shi Cisticola dorsti. A ido da ƙyar ake bambanta shi da Cisticola ruficeps, amma da ya buɗe baki sai bambancin ya fito sarari. Daga baya aka gano shi ne tsuntsun da Lynes ya sa wa suna guinea a matsayin reshen ruficeps, aka mayar masa da wannan sunan, amma matsayinsa na jinsi mai zaman kansa bai girgiza ba.

Masu suka za su ce tsuntsaye mawaƙa koyon kuka suke yi daga manyansu, saboda haka bambancin na iya zama na karin harshe kawai, kamar Sakkwatanci da Kananci. Sukar tana da ƙarfi, ba a kuma kawar da ita da gardama. Sai dai da kuka namiji ke tsare yankinsa, da shi mace ke gane abokin tarayya. In kuka biyu suka rabu har mace ta daina amsa ɗaya, barbara ta yanke ke nan ko da gashi bai nuna ba. Abin da ya kamata shi ne a gwada shaidar kunne da ta ƙwayoyin gado. Haka aka yi a fadamar Kilombero ta Tanzaniya, inda a 2021 aka tabbatar da jinsi biyu, Cisticola bakerorum da Cisticola anderseni, bayan an auna jikinsu, an naɗi kukansu, an kuma binciki ƙwayoyin gadonsu.