Kirsimeti cikin hunturu: darasi daga tarihi



Duk shekara idan Disamba ta kama, wayoyinmu kan cika da hotunan ƙanƙara da itacen Kirsimeti da wani tsoho mai farin gemu cikin jar riga mai kauri. Mu kuwa a nan Bagudo hunturu muka sani: hazo ya rufe Kogin Kwara, leɓe ya tsage, yara suna jin ɗumi da asuba. Har wasu matasanmu suna ganin namu bikin kwaikwayo ne, na ainihi yana can ƙasar Turawa. Bari mu tambayi tarihi.

Littafi Mai Tsarki bai faɗi ranar da aka haifi Yesu ba. Luka sura 2 ta ba mu labarin ƙidayar Kaisar Augustas, da komin dabbobi a Baitalami, da makiyaya masu kwana a fili suna tsaron garkensu. Shaidar farko da ke nuna ana bikin a ranar 25 ga Disamba daga Roma ta fito, a shekara ta 336. Har yau ma ba kowa ke bin wannan rana ba: ikilisiyoyin Habasha da Kibɗawan Masar ranar 7 ga Janairu suke yin nasu. Da yake Disamba tsakiyar sanyi ce a Turai, sai adon sanyi ya manne wa bikin. Itacen Kirsimeti al'adar Jamusawa ce, ta bazu a Ingila bayan wata jarida ta buga hoton Sarauniya Biktoriya da iyalinta kewaye da shi a 1848.

Mutanen Ostiraliya sun riga mu fuskantar wannan tambaya. Ƙasarsu tana kudancin duniya, saboda haka Disamba lokacin zafi ne a wurinsu. Turawan Ingila sun sauka a Sidni a 1788 tare da limaminsu Richard Johnson, kuma a shekarar suka yi Kirsimetinsu na farko cikin rana mai ƙuna. Shekaru masu yawa jikokinsu suka yi ta dafa abinci mai zafi irin na Ingila suna ci suna gumi, don kada a ce sun bar al'ada. Sannu a hankali suka bi yanayin ƙasarsu. A 1938 wani ma'aikacin rediyo, Norman Banks, ya fara tara jama'a a fili a birnin Melbon da dare, suna riƙe da kyandir suna rera waƙoƙin Kirsimeti, kuma ana yin taron har yau. Yanzu iyalai da yawa kan ci jatanlande da nama mai sanyi da mangwaro, su gasa nama a bayan gida ko su tafi bakin teku. 'Yan makaranta suna dogon hutu har ƙarshen Janairu, kasuwar kifi ta Sidni kuwa takan yi awa 36 a buɗe kafin ranar.

A ƙasarmu ma a fili aka fara. Ranar 25 ga Disamba 1842, Thomas Birch Freeman na Metodis da Henry Townsend na CMS suka yi sujadar Kirsimeti a gindin wani itace a Badagiri, kusa da iyakar da ta raba mu da Jamhuriyar Benin a yau. Shekara 90 bayan haka, a 1932, aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, iyayenmu suka karanta labarin makiyayan da harshen da suke magana da shi a gona da kasuwa. Mu da muke zaune da makiyaya, ba sai an bayyana mana yadda kwanan daji da garke yake ba.

Ita ma iyakar da ke kusa da mu tana da nata tarihin. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ce ta tsaga ƙasar Borgu biyu, Illo ta faɗo hannun Ingilishi, Nikki ta tafi ga Faransawa. Shi ya sa dangi ɗaya za ka tarar wasu a Lolo ko Tsamiya, wasu a Segbana, waɗannan suna cewa Kirsimeti, waɗancan suna cewa Nowel. Da gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, shinkafar waje ta yi tsada, zumuncin ƙetare ya yi wuya. Duk da haka an yi Kirsimeti a waccan shekara, da shinkafar fadamarmu da kifin kogi.

Ga inda maganar ta shafe mu. Muna ganin matasa suna cin bashi don ɗinki da takalmi, wasu suna bin hanyoyin daji da kayan fasa-ƙwauri a kan babur don su samu kuɗin biki, wasu kuma suna ƙin zuwa sujada saboda ba su da sabon kaya. Janairu na zuwa, mai bashi yana bakin ƙofa. Hausawa sun ce kowa ya daka ta rawar wani, ya rasa turmin daka tasa.

Allah ya sa bikinmu ya faɗo bayan kaka, lokacin da rumbu yake cike. A bana mu dafa abin da muka noma. Mu kai wa maƙwabtanmu Musulmi, kamar yadda suke kawo mana naman layya. Mu nemi malamai da ma'aikata da 'yan bautar ƙasa da ba su samu zuwa gida ba, mu zaunar da su a tabarmarmu. Kowane reshen zumuntar matasa ya rubuta sunayen gwauraye da marayun unguwarsa tun kafin ranar 24, don kada kwano ya tsallake gidan kowa.

Ubangiji wanda aka kwantar a komin dabbobi ya ba mu zuciyar godiya da wadar zuci. Amin.