Daga bishiyar dangi zuwa gwajin ƙari: tarihin gano sankarar hanji ta gado



A 1895, a garin Ann Arbor na jihar Mishigan a Amurka, wata mai ɗinki ta shaida wa likita Aldred Warthin cewa ta san sankara ce za ta kashe ta, domin ita ta cinye danginta, wasu a hanji, wasu a tumbi, mata a mahaifa. Haka kuwa aka yi, sankarar mahaifa ta zama ajalinta. Warthin ya bi diddigin zuriyar, wadda asalinta daga Jamus take, ya wallafa abin da ya gano a 1913 da sunan "Iyalan G". Likitocin zamaninsa ba su ba maganar wani muhimmanci ba.

Sai a 1966 Henry Lynch ya bayyana wasu iyalai biyu, a Nebraska da Mishigan, masu irin wannan lalura. Shi ma ya sha musu, ana cewa abinci ne ko muhalli. Yau da sunansa ake kiran cutar.

Duk tsawon shekarun nan, hanyar ganewa ɗaya ce: tambaya. A 1991 aka fitar da ƙa'idar Amsterdam: mutum uku a dangi da sankarar babban hanji, a zuriya biyu a jere, ɗaya ta kama shi kafin shekara 50. Ƙa'idar na da kyau a takarda, amma sai da dangi masu yawa waɗanda suka san abin da ya kashe iyayensu. Mu da sanarwar rasuwarmu ba ta wuce "bayan gajeriyar jinya" ba, kuma rabin dangi na gida Arewa mu muna nan, yaya za mu cika ta?

Sauyi ya zo a 1993. Masu bincike sun lura cewa a wasu ƙararruwan hanji, ƙwayoyin gado cike suke da kurakurai a wuraren da haruffa ke maimaituwa, kamar kwafin da ba wanda ya duba. Dalili shi ne, jiki na da masu gyara irin wannan kuskure, kuma a nan sun daina aiki. A shekarar aka gano MSH2, sai MLH1 da PMS2 a 1994, daga baya MSH6. Wanda ya gaji ɗaya a lalace, kowane ɗansa ko 'yarsa na da yiwuwar kashi 50 cikin 100 na gadonsa. A 2000 aka tabbatar MSH2 ne matsalar Iyalan G, shekara 105 bayan maganar mai ɗinkin.

Daga nan tambayar ta koma kan ƙarin kansa. Naman da aka yanke a tiyata ana shafa masa wani rini, a duba a madubin likita ko furotin ɗin nan huɗu suna nan. In ɗaya ya ɓace, sai a ci gaba da bincike. A kula, ɓacewar ba hukunci ba ce: kusan kashi 15 cikin 100 na sankarar hanji na nuna alamar, amma kamar kashi 3 ne kawai na gado. Gwajin jini ke yanke magana.

A 2005 aka wallafa binciken jihar Ohayo, inda aka gwada ƙarin majinyata 1,066 ba tare da zaɓe ba. An samu 23 masu cutar Lynch, 10 daga cikinsu sun haura 50, mutanen da mai duba shekaru kawai zai wuce su. Wannan ya sa wani kwamitin ƙwararru a Amurka ya ba da shawara a 2009 a riƙa gwada kowa, Ingila ta biyo baya a 2017.

Amfanin, a ganinmu, ya fi komawa ga masu lafiya. Wani dogon bincike a Finland da ya fito a 2000 ya nuna cewa duba hanji da kyamara duk shekara uku ya rage sankarar da fiye da rabi a irin waɗannan iyalai, domin ana cire tsiron tun bai rikiɗa ba. Yanzu akan fara dubawa tun shekara 20 zuwa 25 ga masu MLH1 ko MSH2. Mata kuma a sa ido kan mahaifa.

Najeriya ma ta shigo tarihin. A 2021 likitocin Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, tare da cibiyar Memorial Sloan Kettering ta New York, sun ruwaito cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙararruwan da suka gwada na ɗauke da alamar, adadin da ya zarce na majinyatan Amurka da aka kwatanta da su. Waɗanda aka gwada ba su da yawa, kuma alama ba ita ce gado ba, amma adadin ya isa a tsaya a duba.

Naman da aka cire ba a zubar da shi nan take. Ɗakin gwaji kan daskarar da yanki a cikin kaki ya ajiye, kuma a kansa ake wannan gwaji ko bayan shekaru. Duk wanda aka yi wa ɗan'uwansa tiyatar hanji, ya riƙe takardar sakamakon da lambar da ke jikinta, da ita ake nemo yankin.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.