Kwalba ta tsuke, fansho ya tsaya cik

Titin Ibrahim Taiwo, wanda ya ratsa ta Fagge ya wuce bakin Kantin Kwari, sunan gwamnan soja na Kwara yake ɗauke da shi, wanda aka kashe rana ɗaya da Janar Murtala, 13 ga Fabrairu, 1976. Dattawan da muke gani suna bin wannan titi da takardun fansho a aljihu, da yawansu a wancan zamani suka kama aikin gwamnati. Lokacin naira sabuwa ce fil, don a 1973 ta maye gurbin fam da sule, kuma a 1975 ƙarin albashin Udoji ya shigo hannun ma'aikata har da ariyas. Malamin firamare kan tarbi baƙo da lemon kwalba ba tare da ya yi lissafi ba.

Daga 1986, da Janar Babangida ya kawo tsarin SAP, darajar naira ta kama gangara. Mafi ƙarancin albashi ya yi ta bin farashi a guje: naira 125 a 1981, 18,000 a 2011, 30,000 a 2019, sai 70,000 a 2024.

Kamfanonin lemo kuwa sun daɗe da gane cewa mai saye ya fi lura da kuɗin da ya miƙa a kan abin da ya kurɓa. A 2015 Pepsi ta fito da robar santilita 60 a kan naira 100. Da naira ta sake faɗuwa a 2016, sai muka ga robobin 50 da na 35 suna yawaita a firjin masu shago. Daga baya aka ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita, aka janye tallafin fetur a Mayun 2023, farashin ma ya ƙi tsayawa. Kamfani yana da dabara biyu, ko ya rage awo ko ya ƙara kuɗi. Mai ƙosai ma haka take yi.

Ɗan fansho ba shi da ko ɗaya. Adadin da ke shiga asusunsa bai canja ba, amma kwanon gero da maganin hawan jinin da yake saya da shi sun ragu, kuma ba a rubuta wannan ragi a jikin kowace kwalba ba.

Ba wai doka ta manta da shi ba ne. Sashe na 173 da na 210 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 sun ce a riƙa sake duba fansho duk bayan shekara 5, ko duk lokacin da aka gyara albashin ma'aikata, duk wanda ya riga zuwa. Sai dai "dubawa" ta rataya ne a kan ganin damar mai mulki. A Kano, gwamnatin da ta hau a 2023 ta ce ta gaji bashin garatuti da haƙƙin mamata na kusan naira biliyan 48.

Amurka ta cire wannan al'amari daga hannun 'yan siyasa. Tun 1975 kuɗin tsofaffinta ke tashi da kansa daidai da hauhawar farashi. A 2023 ƙarin ya kai kashi 8.7 cikin ɗari. Mu kuwa a Disambar 2024 hauhawar ta haura kashi 34 a shekara guda. A irin wannan gudu, jiran shekara 5 daidai yake da raba fanshon mutum gida huɗu a miƙa masa ɗaya.

Abin da ya kamata ƙungiyoyin ƙwadago da majalisarmu su nema shi ne dokar da za ta ɗaure fansho da farashin kasuwa duk shekara. Ma'aikacin yau shi ne ɗan fanshon gobe. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.