Waƙar Nan-Take: Gona Ce Ta Haife Ta

Duk ranar 18 ga Yuni, ranar da Allah ya yi wa Mamman Shata rasuwa a 1999, sai gardama ta tashi a majalisun Limawa da ke Dutse: wa ya gaji Shata? Samari su ce mawaƙan situdiyo, dattawa su ce sam.

Tarihin Kano ya nuna ana busa kakaki a fada tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499), shi ya sa wasu ke cewa fada ce uwar waƙar baka. Ni ban yarda ba. Makaɗin fada yakan zauna da 'yan amshinsa su tsara waƙa, su goge ta, kafin a kai ta gaban sarki, domin tuntuɓen harshe a can ba ƙaramin abu ba ne. Mai ƙaga waƙa nan take shi ne makaɗin gayya, wanda ke bin manoma kunya bayan kunya. Wanda ya yi zarra ya wasa shi, rago kuwa ya sha zambo. Haka fagen dambe: in ɗan dambe Shago ya ɗaure hannu ya fito, ina makaɗinsa Ɗan Anace zai sami lokacin tsari? Narambaɗa da Ɗanƙwairo kansu da kiɗan noma suka fara kafin su koma waƙar sarakuna.

Shata, haifaffen Musawa a 1923, shi ya kai abin ƙololuwa. Amshinsa gajere ne, kalangu na tafiya, 'yan amshi na maimaitawa, shi kuma yana duban taro. Baƙo ya shigo, maroƙi ya ambaci sunansa da garinsu, kafin ya zauna ya ji kansa a cikin waƙa. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Mu ma a Jigawa mun yi Haruna Uji na Haɗeja da gurminsa, mata kuma sun yi Barmani Choge da ƙwaryar amada.

Mawaƙin da sai an yanke, an sake, an gyara masa murya da kwamfuta, sana'arsa daban. Waƙar baka kuwa, wasu ƙasashe na adana tasu: a Azarbaijan, UNESCO ta sanya fasahar mawaƙansu na ashiƙ cikin gadon duniya a 2009. Namu makaɗan noma suna nan a ƙauyukan Dutse, tsufa na cin su. Ya kamata Jami'ar Tarayya ta Dutse ta bi su gona da daminar bana, ta naɗi muryoyinsu.