Tarihin Ɗaukar Hoton Wata da Kyamarar Fim

Ɗaukar hoton wata ta girmi fim ɗin kansa. A 1839 Louis Daguerre na Faransa ya gwada da faranti mai rufin azurfa, hoton ya fito dishi-dishi. Sai a watan Maris na 1840 John William Draper, malamin kimiyya a birnin New York, ya dace, bayan ya bar farantinsa yana shan haske kusan minti 20. Abin da ya ba su wahala shi ne wata ba ya tsayawa wuri ɗaya. Saboda juyawar ƙasa, cikin minti 2 yana gusawa gwargwadon faɗinsa, dole sai na'urar hangen nesa ta riƙa bin sa. A 1851 hoton wata da John Adams Whipple ya ɗauka a Harvard ya ci lambar yabo a babban baje kolin Landan.

George Eastman ya fito da kyamarar Kodak mai naɗin fim a 1888, hoto ya shiga hannun kowa. Fim ne kuma ya fara nuna wa ɗan Adam bayan wata: ranar 7 ga Oktoban 1959 kumbon Luna 3 na Tarayyar Sobiyet ya ɗauki hotuna, ya wanke su a cikinsa, sannan ya aiko su duniya ta rediyo.

Mai kyamarar hannu yakan sha mamaki iri biyu. Na farko ƙanƙantar watan: da gilashi mai milimita 50, a jikin fim na milimita 35, bai kai ƙwayar gero ba. Sai da gilashin milimita 500 yake kai milimita 4 da rabi. Na biyu haskensa. Watan daren goma sha huɗu rana ce ke haska shi tarwai, wanda duk ya ruɗu da duhun dare ya bar ƙofar kyamara buɗe zai wanko farin tabo kawai. Masu sana'ar sukan sa buɗin gilashi a kan 11, saurin ƙiftawa kuma daidai da lambar fim ɗin, wato 1/100 na daƙiƙa ga fim mai lamba 100. Rabin wata haskensa kusan kashi 1 cikin 10 ne na cikakke, amma ya fi shi kyau a hoto nesa ba kusa ba, domin a bakin iyakar haske da duhu ne inuwa ke fito da ramuka da tsaunukan wata.

Jinjirin wata, wanda azumi da salla suka rataya a kansa, shi ya fi gagarar fim. Siriri ne, yana ƙasa-ƙasa cikin jan sararin magariba, kuma ba ya jimawa yake faɗuwa. A Abuja, da take kusan digiri 9 arewa da tsakiyar duniya, yakan fito a kwance, ƙahonninsa na duban sama. Daga Afrilu zuwa Oktoba hadari kan rufe yamma, da hunturu kuma hazo ya karɓa. Ko an dace da ɗauka, sai an kai fim wanki, alhali jama'a na jiran sanarwa a daren.

Shi ya sa zamanin fim ya wuce ba tare da ya karɓe aikin ido ba. Majalisar Ƙoli ta Harkokin Musulunci, mai hedikwata a Babban Masallacin Ƙasa na Abuja, tana da kwamitin duban wata na ƙasa da ke tantance shaidar waɗanda suka gani, Sarkin Musulmi ya yi sanarwa daga Sakkwato. Daga baya kyamarar dijital ta ture fim. Da irin wannan kyamara, ranar 8 ga Yulin 2013, Thierry Legault na Faransa ya ɗauki jinjirin wata da rana, a daidai lokacin haihuwarsa, sa'ilin da babu idon da zai iya ganin sa.