Koyon tafiyar yaro

Koyon tafiya mataki ne na girman jariri wanda ke farawa daga iya riƙe wuya, ya ƙare da takawa ba tare da an riƙe shi ba. Yawancin yara kan fara tafiya wajen cika shekara ɗaya, amma lokacin ya bambanta ƙwarai daga yaro zuwa yaro, kuma ɗan jinkiri ba kullum ne alamar ciwo ba.

Matakai

Ƙarfin sarrafa jiki yana saukowa ne daga kai zuwa ƙafafu. Jariri yakan fara riƙe wuya, sai juyi, sai zama, rarrafe, dafa bango ko kujera, tsayuwa, sannan tafiya. A shekarar 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa sakamakon binciken da ta yi a kan yara 816 masu ƙoshin lafiya a Gana, Indiya, Norway, Oman da Amurka. An gano cewa zama ba jingina yana faruwa ne tsakanin kusan wata 4 zuwa 9, rarrafe tsakanin wata 5 zuwa 13 da rabi, tsayuwa ba dafawa tsakanin wata 7 zuwa 17, tafiya kuwa tsakanin wata 8 zuwa kusan 18. Kimanin kashi 4 cikin 100 na yaran ba su yi rarrafe ba sam, sun wuce zuwa mataki na gaba.

Abubuwan da ke kawo jinkiri

Tamowa da yawan jinya suna raunana tsoka. Ƙarancin sinadarin kalshiyam ko bitamin D yana sa ƙashi ya yi laushi, ƙafafu su lanƙwashe. Shan inna da lahanin ƙwaƙwalwa da ake samu wajen haihuwa su ma suna hana tafiya. Bakwaini kuwa, likitoci kan lissafa girmansa ne daga ranar da ya kamata a haife shi.

Gudummawar manya

Yaro yana koyon tafiya ne ta hanyar gwaji, faɗuwa da tashi, don haka yana buƙatar fili. A shekarar 2019 hukumar ta ba da shawarar a riƙa kwantar da jaririn da bai fara rarrafe ba ruf da ciki, idonsa biyu, na aƙalla minti 30 a rarrabe cikin yini, kuma kada a bar shi a ɗaure wuri guda, ko da a goye ne, fiye da awa ɗaya a jere. Shimfiɗa tabarma a wuri mai tsabta, ajiye abin wasa ɗan nesa da shi da riƙe hannunsa duk suna taimakawa. Dole ne kuma a nisanta shi daga murhu, ruwan zafi, bokitin ruwa da rijiya.

Keken da ake zaunar da yaro a ciki ba ya gaggauta tafiya, yana kuma jawo haɗari. Kanada ta haramta sayar da shi a 2004.

Lokacin zuwa asibiti

Ana so a kai yaro wurin ma'aikacin lafiya idan ya kai wata 9 bai zauna ba, ko wata 18 bai taka ba, ko jikinsa ya saki ko ya sanƙare, ko yana amfani da ɓangare ɗaya kawai, ko ya daina abin da ya riga ya iya. Gano matsala da wuri yana ba da damar gyara abinci da fara gashin ƙashi kafin lahanin ya zauna.