Yadda ake daidaita ƙarfin murya wajen ɗaukar sauti da kwamfuta

Kwamfuta na auna ƙarfin sauti ne da desibel, kuma sifili shi ne iyakar abin da take iya ɗauka.

Muryar da ta zarce wannan iyaka takan fashe, kuma gyaranta na da wuya. Wadda ta yi ƙasa ƙwarai kuwa, in aka ɗaga ta daga baya, hayaniyar na'ura kan tashi tare da ita.

Don haka masana ke ba da shawarar ƙololuwar murya ta tsaya tsakanin desibel 12 zuwa 6 ƙasa da sifili.

Akan ajiye makirufo kimanin taƙi guda daga baki, a yi gwaji da babbar murya ana duba ma'auni a manhaja kamar Audacity, kafin a soma ɗauka.